Mota Ba Ta Faɗin Gaskiya Sai Tana Da Sanyi: Fashin Baƙi Kan Shirya Motar Raba Kaya A Saudiyya

Akwai wata ƙara da duk direban da ya taɓa jin ta ba ya mantawa. Ni na ji tawa ne a babbar hanyar Jidda zuwa Makka, daidai wajen Bahra, da misalin ƙarfe ɗaya na rana a tsakiyar watan Yuli. Hiace ce, ɗauke da katan-katan na ruwan sha da zan raba wa shagunan Ka'akiyya da Shari'ul Mansur. Tayar baya ta dama ta fashe kamar an harba bindiga, gindin motar ya shiga kaɗawa, sitiyari na neman ƙwacewa daga hannuna. Allah Ya tsare ban danna birki ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na sassauta totur a hankali har motar ta lallaɓa gefen titi. Da na sauko na ɗora tafi a kan ɗaya tayar ta baya, ba shiri na janye shi don zafi.

Da yamma a mustauda, wato ma'ajiyar da muke lodi, kowa na cewa ƙaddara ce, kuma haƙiƙa babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma wani dattijon direba ɗan Jarwal, wanda ya yi tuƙi tun kafin a haife ni, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, tayar nan ba a Bahra ta fashe ba. A nan ta fashe tun da asuba. A Bahra dai ka ji ƙarar." Na ce, "Baba, ai na dube ta kafin in tashi." Ya ce, "Da ido ka duba ko da geji?" Na yi shiru.

Shekarun da na yi bayan nan a harkar raba kaya sun nuna mini abin da yake nufi. Muna ɗaukar taya da lodi da birki da ruwan inji tamkar abubuwa ne daban-daban, alhali a wannan ƙasa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ita ce zafi. Nauyi yana komawa zafi a cikin taya. Gudu da gangara suna komawa zafi a cikin birki. Rana kuma ta riga ta cinye rabin juriyar motar tun kafin ka ɗora mata komai. A lokacin Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma wannan zafin iska ne kawai, kwalta kan haura digiri 60 da tsakar rana. Ga kuma abin da ya sa na ba rubutun nan sunan da na ba shi: iskar taya, da baƙin mai, da ruwan lagireto, duk ba a samun sahihin awonsu sai mota ta kwana ta huce. Mintoci 15 na bayan sallar asuba su ne lokacin da motar za ta gaya maka halin da take ciki. Tun ran gini, tun ran zane.

Mu fara da taya, don a nan ne aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ba roba ce ke ɗauke da mota ba, iskar da ke cikin robar ce. Idan iska ta yi ƙasa, gefen tayar yakan lotsa duk lokacin da ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya koma sama. Tayar Hiace tana juyawa kusan sau 13 a kowace daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100. Ɗauki wayar ƙarfe ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, kafin minti ɗaya za ka ji ta yi zafi, jim kaɗan ta karye. Abin da ke faruwa ke nan a cikin taya mai ƙarancin iska: wayoyin da aka saƙa a jikinta suna zafi, robar ta saki ƙarfen, sai fashewa.

Saboda haka maganar da ta yaɗu tsakaninmu, wai a rage iska lokacin zafi don kada taya ta fashe, juya gaskiya ce a kan kanta. Gaskiya ne iska na ƙaruwa da zafi, kimanin lamba ɗaya a geji duk ƙarin digiri 5 ko 6. Idan ka yi tafiyar sa'a guda ka auna, za ka ga ta hau da lamba huɗu ko fiye. Masu ƙera taya sun san da wannan, sun sa shi cikin lissafi. Wanda ya tsaya a banshar, wato wurin masu faci, da rana tsaka ya sa aka sace masa wannan ƙarin, gobe da asuba zai tashi da taya mai yunwar iska, ya yi lodi a kanta, ya hau titi. Ni abin da na yi ke nan kwana biyu kafin Bahra.

Wani tarkon kuma shi ne lamba 35. Yawancin masu faci sun saba da ƙananan motoci, in ba ka yi magana ba abin da za su sa maka ke nan. Motar kaya ba haka take ba. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙi, za ka ga awon gaba daban, na baya daban, kuma na baya kan haura 50 idan akwai cikakken lodi. Ka mallaki gejinka na kanka. Kuɗinsa bai kai na cin abincin rana biyu ba. Harbin taya da ƙafa ba awo ba ne, domin tayar kaya tana da tauri, za ta iya rasa iska mai yawa ba ta nuna a ido ba.

A jikin kowace taya akwai rubutun da ya kamata duk mandub, wato mai raba kaya, ya iya karantawa kamar yadda yake karanta lambar iƙamarsa, katin izinin zamansa. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Idan ka ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, rana da zafi suna busar da ita, sai ka ga ƙananan tsagogi a gefe kamar faso a dunduniya. Taya mai irin wannan faso ta gama aiki ko da zanenta na nan raɗau. Sai harafin C a ƙarshen girman tayar, kamar 195R15C, wanda ke nuna ta motar kaya ce. Lambar da ke biye ita ce ta nauyi: 106 na nufin tayar na ɗaukar kilo 950, alhali tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kilo 615 ne iyakarta. Na sha ganin an sa wa motar kaya tayar ƙaramar mota don ta fi araha, kuma ta shiga daidai a wili. Shiga daban, ɗauka daban. Zanen ƙasan taya kuwa, in zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6 ya ƙare, kuma a garin da ruwan sama kan sauko kamar da bakin ƙwarya, irin wanda aka gani a Jidda a Nuwamban 2009 da Nuwamban 2022, bai kamata a jira ya kai can ba. Kada a manta da safaya da ke rataye a ƙarƙashi. Ita ce ta fi kowace shan ƙura da mantuwa, ga jak da sifanar wili da sau da yawa wani ya ara bai dawo da su ba.

Yanzu lodi. A nan ido ne ke yaudara. Mai kaya yana leƙa cikin mota ya ga fili, sai ya ce a ƙara. Amma mota ba da fili take gajiya ba. Katan ɗin ruwa mai kwalba 40 'yan mililita 330 yana da ruwa lita 13.2, da kwali da roba ya kusa kilo 14. Katan 100 ya tasam ma kilo 1,400, kuma ba su cika rabin cikin Hiace ba. Abin da irin waɗannan motoci ke iya ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma cikin wannan lissafin har da kai direba, da yaron mota, da kurar turin kaya. Buhun shinkafa mai kilo 40, talatin kacal sun kai kilo 1,200. Dabbab kuwa, 'yar ƙaramar motar kayan nan da muke yi wa lodi kamar babbar motar daina, abin da aka ƙera shi ya ɗauka bai kai haka ba. Adadin da aka yarda na rubuce a littafin motar da kuma farantin da ke jikinta. Ka san nauyin katan ɗaya na kowane irin kaya da kake ɗauka, ka ninka da kanka kafin a fara jerawa, domin bayan an rufe ƙofa babu mai son a sauke.

Inda aka ajiye nauyin ma magana ce mai zaman kanta. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a jingine da katangar da ke bayan direba. Idan aka tara shi can bakin ƙofar baya don sauƙin saukewa, gaban motar zai ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitilu su koma haska idon mai zuwa maimakon titi. Idan aka jera shi sama har rufi, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kwantar da motar. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: lodin da ya yi daidai da safe ba shi ne lodin azahar ba. Ka sauke a baƙala, wato shago, biyar, an samu gurabe, sauran kayan sun sami wurin zamewa. Minti biyu ne gyara su a kowane zango.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne motocin da asalinsu na fasinja ne aka cire kujeru, babu katanga tsakanin direba da kaya. A gudun kilomita 100 mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In ta tsaya farat ɗaya, katan ɗin da ba a ɗaure ba bai san an tsaya ba, zai ci gaba da wannan gudun ya nufi ƙeyarka. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan suka tunkuɗo gaba, da rabin nauyin idan suka zame gefe ko baya. Wato kayan tan ɗaya na buƙatar abin da zai tare kilo 800. Siririyar igiyar shanya ba za ta yi wannan ba. Ana buƙatar bel mai maƙulli a ɗaure shi a zobban da ke ƙasan motar, kuma a riƙa duba shi, don rana na cin zarensa. Tukunyar gas a tsaye take tafiya, a ɗaure. Turaren fesawa da batiran waya da magunguna ba sa zama a rufaffiyar mota a rana, cikinta kan koma tanda.

Birki shi ne wurin da nauyi da zafi ke haɗuwa ƙarara. Aikinsa kawai ya mayar da gudu zafi. Idan ka tashi daga 80 zuwa 120, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka fiye da sau biyu. Duk mai kai kaya Ɗa'if ya san hanyar Hada. Ɗa'if tana sama da mita 1,800 daga teku, Makka ba ta kai 300 ba. Mota mai tan uku da za ta sauko wannan tazara, ƙarfin da ke cikin saukowar in aka mayar da shi zafi ya isa ya kai ruwa fiye da lita 100 ga tafasa. Wanda ya sa giya a furi ko ya bar ta a babbar giya, ya jibga wa birki wannan zafin shi kaɗai. Ana saukowa ne da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako.

To me ya haɗa wannan da dubawar asuba? Man birki. Yana shan danshin iska a hankali, kuma kowa ya san raɓar Jidda. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. Na DOT 4 daga 230 zuwa 155. In ya tafasa a gangara sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ka danna feda ta tafi ƙasa fanko. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Haɗarin bas ɗin masu Umara a Aƙabat Sha'ar ta yankin Asir a watan Maris na 2023, inda aƙalla mutum 20 suka rasu, rahotanni sun danganta shi da lalacewar birki. Allah Ya jiƙansu. Gwajin safe ba shi da wuya. Kafin ka tayar da inji, danna feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, riƙe ta, sannan ka tayar. Za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya. In ta ci gaba da nitsewa a hankali, akwai yoyo, kuma wannan motar gareji za ta, ba titi ba. Bayan an gama lodi ka sake gwadawa a cikin fili da tafiyar ƙafa, ka ji ko tana ja gefe ɗaya.

Sauran abubuwan cikin bonet ba sa cin lokaci. Baƙin mai a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsakanin alamomi biyu na sandar awo. Ruwan lagireto a duba shi a robarsa, kuma a zuba mai launin nan da aka tanada, don ruwan famfo na barin gishiri ya toshe hanyoyi. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa na ɗauke da tabon wannan a fuska da hannu. Fanbel, kan batir, ruwan wanke gilashi, robar waifa da rana ta ƙona. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Fitilu da sigina, ka sa yaron mota ya tsaya a baya ka taka birki ya gaya maka. Tukunyar kashe gobara da alwatikan gargaɗi su kasance inda hannu zai kai, ba a binne ƙarƙashin kaya ba.

Takardu ma a gurguje: lasisi, istimara (rajistar mota), fahas (binciken lafiyar mota), inshora, da tafwid, wato izinin da mai mota ke yi maka a hukumance na tuƙa ta. Tun Oktoban 2023 na'ura ce ke kama motar da ba ta da inshora, kuma in aka yi karo ma'aikatan Najm, kamfanin da ke duba haɗari domin inshora, abin da za su fara nema ke nan. Lokacin Hajji kada ka doshi shingen Shumaisi na shiga Makka ba tare da tasrihi, wato takardar izini, ba, kuma kada tausayi ya sa ka ɗauki wanda ba shi da shi. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa kan abu guda: takardar fahas shaida ce kan ranar da aka duba motar, ba ta san abin da ya faru da tayarka jiya ba.

Saura direban kansa, wanda babu gejin auna shi. Aikinmu na sa mutum ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi ƙarfe huɗu, musamman a Ramadan da kasuwa ke komawa dare. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Daƙiƙa uku na gyangyaɗi a gudun 100 mita 80 ne da ɗoriya ba mai riƙe da motar, ga hanyar Hijira zuwa Madina miƙaƙƙiya ce mai kawo barci, ga raƙuma a ƙananan hanyoyi da dare. Waya ita ce ofishinmu, a cikinta adireshi yake, a cikinta mai kaya ke kira. A jera zangon rana a sa taswira, a maƙala wayar a mazauninta tun mota na tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi fuskantar haɗari kusan sau huɗu, bel ɗin kujera kuma na rage haɗarin mutuwa ga na gaba da kusan rabi. Kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi, da suka fara aiki a 2010, tun 2018 suke kama waɗannan biyun. Tarar waya riyal 500 zuwa 900 ce, ta bel 150 zuwa 300. Mai ɗaura bel ta bayan kujera don ƙararrawa ta yi shiru, ƙararrawar kawai ya rufe wa baki.

Na san abin da wani matashi zai ce yana karanta wannan: "Malam, duk mun ji, amma mudir ne ke cewa a ƙara katan 30, kuma shi ke riƙe da albashina." Wannan ita ce gaɓar da ta fi ciwo, kuma ba zan yi kamar mai sauƙi ba ce. Direba shi ne mafi rauni a cikin sarƙar, kuma shi ne ke zaune a kan tayar. Abin da na ga yana aiki shi ne lissafi cikin ladabi, ba gardama ba. "Ranka ya daɗe, motar tan ɗaya take ɗauka, wannan ya kai tan ɗaya da rabi. In taya ta tashi a hanya, kuɗin sadaha mai ɗauko motar da asarar kaya sun fi na sawu biyu." Mai dukiya yana jin yaren asara. Ka ɗauki hoton tayar da ta yi faso ka tura masa da kwanan wata, ya zama akwai shaida. Ku kuma iyayenmu da yayyenmu Hausawa da Allah Ya hore wa motoci a Jidda da Makka da Madina, mintocin dubawar nan ku sa su cikin lokacin aiki, kada yaro ya sato su daga barcinsa. Hukuma ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Lodin da aka gama da sanyin safiya ya sauƙaƙa wa masu ɗauka, ya kuma sa motar ta ci rabin hanyarta kafin kwalta ta ɗau wuta.

Abu na ƙarshe da nake yi kullum, bayan na rufe ƙofar baya na ja ta na tabbatar ta kama, shi ne zagaya motar da ƙafa. Unguwanninmu na Makka a kan duwatsu suke, lunguna matsattsu, motar kaya kuma ba ta da gilashin baya da za ka ga abin da ke gindinta. Yara kan zauna a inuwar mota, kyanwa kan kwana a kan taya. Ina duba gindin motar, in cire dutsen wejin da na sa da dare, in shiga in gyara madubai biyu, in ɗaura bel, in karanta addu'ar hawa, sannan in sauke birkin hannu.